Filin Tambaya da Amsa: Dakta a Siyasar Ci Gaba, Ta Ina Ake Kamo Bakin Zaren?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na taɓo maganar karatun digiri na uku a fitowar da ta gabata wayata ba ta huta ba, saƙo kan saƙo, har da masu kira ƙarfe sha ɗayan dare, Allah ya shirye ku, ni ma fa ina da iyali. Na tsamo guda huɗu da suka faɗo kan fanni ɗaya, wato siyasar ci gaba. Kamar kullum na cire sunaye, gaisuwar ma na rage mata tsawo.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki ya iyali. Ni malami ne a wata kwaleji nan Daura, kimiyyar siyasa na karanta, mastas ɗina shekara huɗu ke nan da gamawa. Ina son yin dakta a siyasar ci gaba, in so samu ne a waje. Na cike fom ɗin sikolashif ya fi biyar ko "mun gani" ba a ce mani ba. Taken da nake turawa shi ne tasirin cin hanci ga ci gaban Najeriya daga 1960 zuwa yau. Mene ne aibin takarduna, ko dai abin sai da hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Hanya kam akwai ta a duniya, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ba ita ta kada kai ba. Takenka ne. Wallahi da na karanta sai da na yi dariya, ba don raini ba, don ni ma irinsa na fara kai wa malamina shekarun baya, ya karanta ya tura tabarau kan goshi ya dube ni ya ce "to wannan kai da jikokinka za ku gama shi ko?" Cin hanci, Najeriya kaf, shekara sittin da ɗoriya. Ai wannan hirar teburin mai shayi ce, kuma tun ba ka fara ba kowa ya san inda za ka sauka, cewa cin hanci ya hana mu ci gaba. To wa zai ɗauki nauyinka shekara uku don ka gaya mashi abin da ɗan acaɓa ya riga ya sani?

Fannin nan ba tambayar "me ya sa muka lalace" yake yi ba. Tambayarsa ita ce wa ke yanke shawara, wa ke samu, wa ake bari a rana, kuma me ya sa abu ke tafiya a nan ya ƙi tafiya a can alhali mutanen iri ɗaya ne. Ko cin hancin da kake magana, masana irin su Mushtaq Khan na jami'ar SOAS a Landan sun daɗe suna nuna cewa ba duka ɓarnarsa ɗaya ba. Koriya ta Kudu zamanin Park Chung-hee an ci kuɗi ƙwarai, amma masana'antu sun tashi, saboda wanda aka bai wa rance mai sauƙi in bai fitar da kaya waje ba sai a janye. A wani wurin kuma a ba ka, ka cinye, a ƙara maka. Bambancin nan shi ne abin bincike.

Kuma kai da ke zaune Daura ai kan taska kake kwana. Ɗauki Kwangwalam kawai, garin nan na kan iyaka da Nijar. An rufe boda a watan Agustan 2019 ba a fara buɗe wasu iyakokin ba sai Disambar 2020, a tsakani har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Shin shinkafa ta daina shigowa? Ka fi ni sani. To wa ya samu kuɗi a rufewar, wa ya karye, shinge nawa ne tsakanin Mai'aduwa da Daura, nawa ake ajiyewa a kowane, kuma wa ke sasanta direba da jami'i in rigima ta tashi? Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya bi ta Kazaure ya ratsa ƙasarku, gonakin wa ya ci, wa ya rubuta sunayen masu karɓar diyya, mai unguwa ne ko kansila ko wani ɗan kwamiti da ba a san wanda ya naɗa shi ba? In ka gangaro ta wajenmu ga dam ɗin Zoɓe kusa da Dutsin-ma, an gama shi tun 1983, amma aikin kai ruwansa gari sai a Yulin 2021 aka buɗe. Injiniya zai gaya maka yawan ruwan, masanin tattalin arziki ya lissafa asarar, kai kuma naka shi ne me ya sa gwamnati bayan gwamnati ta fi son ba da sabuwar kwangila a kan ƙarasa tsohuwa. Kowane ɗaya cikin waɗannan dakta ne cikakke.

Ka duba waɗanda suka yi suna da ƙasar nan tamu ma. Polly Hill, Baturiyar Ingila, Batagarawa kawai ta zauna a shekarun 1960 tana ƙirga gonaki da rumbuna gida gida, aikin ya fito a 1972 kuma har gobe ana karanta shi in ana maganar talauci a karkara. Michael Watts a Kaita ya yi nasa kan yunwa da fari, ya fito a 1983. M.G. Smith ya rubuta kan sarautar Daura ɗinku a 1978. Namu na gida marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a ABU Zariya ya yi daktansa kan tarihin Katsina, ya taka ƙauyuka da ƙafarsa har cikin Nijar yana jin ta bakin tsofaffi. Babu wanda ya ɗauko Najeriya duka ya aza a ka. Su baƙin sai da suka koyi harshe ko suka nemi tafinta, kai kau da shi aka haife ka, ka san wanda ake fara gaisarwa in an shiga gari, ka san in dattijo ya ce "to, Allah ya kyauta" ya gama magana ke nan. Da ɗan gari kan ci gari, wannan shi ne jarinka, kuma shi ne ka bari a gida ka tafi da taken da ɗalibai dubu suka riga ka turawa.

Sai abu na biyu, ai daga wutsiya ka fara. A Ingila da yawancin Turai ba fom ake fara cikewa ba, sufabaiza ake fara nema, wato malamin da zai jagoranci bincikenka. Ka zauna da Google Scholar ka nemo mutum biyar ko shida da suka yi rubutu kan abin da ya yi kusa da naka cikin 'yan shekarun nan, ka karanta aikinsu da gaske, sannan ka tura imel gajere, layi goma ya isa: ga ni, ga tambayata, ga inda ta haɗu da abin da ka rubuta, ga inda nake ganin abin da ka gani a Kenya ko Gana bai yi daidai da namu ba. Ka haɗa da furofozal, wato takardar tsarin bincikenka, mai shafi uku ko huɗu. Don Allah ban da "ina fata kana lafiya kai da iyalanka baki ɗaya" har sakin layi biyu, kuma ban da tura wasiƙa iri ɗaya ga mutum talatin, suna ganewa. Wuraren da fannin ke da ƙarfi akwai cibiyar nazarin ci gaba ta jami'ar Manchesta, da cibiyar nazarin ci gaba ta IDS a Sussex wadda ke nan tun 1966 kuma suna da masu aiki kan haraji sosai, da SOAS, da Birmingham, da cibiyar nazarin zamantakewa ta ISS a birnin Heg na ƙasar Holan, da Bayreuth a Jamus.

Kuɗi kuma, kar ma ka yi tunanin biya da aljihunka, kuɗin makaranta kaɗai a jami'o'in Ingila da dama ya haura fam 20,000 a shekara, ka buga da canjin yau ka gani. Akwai sikolashif ɗin Commonwealth, wanda ake bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya a Abuja sannan a cike nasu fom ɗin daban, wajen Satumba zuwa Oktoba ake buɗewa, kuma suna neman takardar goyon baya daga sufabaizan da ya yarda zai ɗauke ka, ka ga dalilin da ya sa na ce shi ne farko. Akwai na ESRC, hukumar da ke ba da kuɗin binciken zamantakewa a Ingila, tun 2021 suka buɗe wa 'yan waje amma ba a wuce kashi 30 cikin 100 na gurabe, don haka gasar ba wasa. Jamus akwai DAAD, hukumarsu ta ba da tallafin karatu, kuma yawancin jami'o'in gwamnati can ba a biyan kuɗin karatun dakta. A Holan da Suwidin da Norwe da Danmak kuma sau da yawa dakta aiki ne da albashi, tallarsa ake yi kamar kowane aiki, sai dai taken nasu ne ba naka ba. Sikolashif ɗin Chevening da mutane ke ta turo maka na mastas ne kawai, kar ka ɓata lokaci. Da a da ne sai in ce tunda malamin kwalejin gwamnati ne kai ka bi layin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, to amma sun dakatar da tura malamai waje tun farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma 'yan uwanmu da suka je suka ƙi dawowa, sun ja wa na baya. Na cikin gida dai yana nan.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, yara uku, ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta kan karatun 'ya'ya mata. Maigida ya amince in ci gaba amma maganar barin gida shekara huɗu babu ita. Wata ƙawata ta ce daktan gida ɓata lokaci ne, ba ya da daraja a waje. Gaskiya ne?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, a gaida maigida, Allah ya saka mashi. Ƙawarki ta faɗi rabi ta haɗiye rabi. Wahalar daktan gida gaskiya ce: yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sufabaiza ɗaya na riƙe da ɗalibai kamar garke, ki kai babi ya kwana wata uku a bayan mota, ga jiran difens na ciki, wato zaman kare bincikenki gaban malamai, ga jiran mai jarrabawa na waje. Wanda aka ce shekara uku sai ki ga ya kai shida. Amma maganar daraja, a wannan fannin ba tambarin jami'a ake fara dubawa ba in an wuce matakin farko, abin da kika wallafa ake dubawa, da kuma ko kin zo da abin da ba kowa ke iya samowa ba. Ga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a ƙofar gida, ga ta tarayya a Dutsin-ma, ga BUK da gidan Mambayya, ga ABU da Arewa House a Kaduna, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a Kadunan, inda fayilolin lardin Katsina na zamanin En'e suke jibge. Ki bincika wane sashe ne yake da malamin da zai karanta aikinki da gaske, ki tambayi ɗalibansa na baya a asirce, wannan ya fi sunan makarantar muhimmanci.

Sannan akwai tsaka-tsaki wanda mutane ba su cika sani ba. Commonwealth suna da wani tsari na raba ƙafa, kina rajista a jami'ar gida, su ɗauki nauyinki wata 12 a wata jami'ar Ingila ki yi amfani da laburarensu da malamansu ki dawo ki ƙarasa. Shekara ɗaya ta fi huɗu sauƙin shawo kan gida. Ƙungiyar masana zamantakewa ta Afirka CODESRIA da ke Dakar tun 1973 ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta tesis da tarukan horaswa kan dabarun bincike. Majalisar binciken zamantakewa ta SSRC a Amurka ta tallafa wa ɗaliban dakta da yawa da ke karatu a jami'o'in Najeriya kan zaman lafiya da tsaro da ci gaba. Cibiyar binciken Faransa ta IFRA a jami'ar Ibadan na ba da ɗan kuɗin fita fili. Nan maƙwabta ma a Yamai akwai cibiyar bincike ta LASDEL, su Olivier de Sardan, waɗanda suka ƙware wajen nazarin yadda asibiti da makaranta da ofis ke aiki a zahiri saɓanin abin da ke rubuce a takarda, ki nemi rubuce-rubucensu, za ki rantse asibitin unguwarku suke bayani.

Ke kuma kina da abin da ni da mai tambayar farko ba mu da shi, kina shiga cikin gida. Shirin AGILE na Bankin Duniya kan karatun 'yan mata, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da aka fara da su. In an turo kuɗin tallafi da sunan yarinya, hannun wa yake faɗawa, uwa ko uba ko kishiyar uwa, me ake saye da shi, wa ya sa sunan wannan ya bar na waccan? Namiji mai riƙe da takardar tambayoyi a zaure zai tsaya, a ba shi amsar zaure. Ke za ki zauna kan tabarma ana tankaɗe ana ba ki labari.

Gargaɗi biyu dai. Rahoton da kike rubuta wa masu ba ƙungiyarku kuɗi daban, bincike daban, shi rahoto so ake a ce aiki ya yi kyau, kuma in matan suka ɗauka ke ce mai rubuta sunan masu samun tallafi to abin da kike son ji za su gaya maki. Gara ki zaɓi garuruwan da ƙungiyarku ba ta aiki. Na biyu tsaro. Batsari, Safana, Jibiya, Faskari, Ɗanmusa, akwai tambayoyi masu nauyi can, kan sulhu, kan 'yan sa-kai, kan rundunar tsaron al'umma da jiha ta kafa a Oktoban 2023, amma babu digirin da ya kai ranki, kuma sunan wanda ya yi maki magana kar ya zauna a wayarki ko littafinki, lamba za ki ba shi.

TAMBAYA: Malam na gama bautar ƙasa bara, ina da 2:2. Wani ejan a WhatsApp ya ce in ba shi dubu 400 zai samo mani dakta kyauta a waje ba sai na yi mastas ba, har ya turo mani hoton takardar wani da ya yi wa. In biya?

AMSA: Kar ka biya ɗana, ko sisi. Sikolashif na gaske ba a sayar da shi, kuma hoton takarda yaron shagon kwamfuta zai haɗa maka irinsa kafin ka shanye shayi. Inda ya ɗauko ƙaryar tasa shi ne a Amurka ana shiga dakta da digirin farko, gaskiya ne, shekara biyar zuwa shida ake yi, biyun farko duk aji ne da lissafin ƙididdiga mai zafi, kuma jami'ar ce ke biyanka kana taya koyarwa. Amma kwamitin malamai ne ke zaɓa, daga cikin ɗaruruwa su ɗauki 'yan ƙalilan, ga bizar ma yanzu ta zama abin da ta zama. Da 2:2 hanyarka ita ce mastas mai kyau a gida, ka fito da sakamako mai ƙarfi da tesis ɗin da kai ka rubuta da hannunka, ka koyi aiki da alƙaluma ko da a Excel ne kafin ka kai ga manhajojin ƙididdiga irin su Stata ko R. Dubu ɗari huɗun nan ka kai ta can. In kana neman abin dubawa, tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ake ta surutu, jihar nan ta Katsina na da 34, je ka sakatariyar taku ka zauna ka ga me ya canza me bai canza ba.

TAMBAYA: Malam cikin takardu wanne ya kamata in fara nema, IELTS ko fasfo?

AMSA: Tiransikirif, wato takardar makin darussanka daga jami'a. Fasfo da kuɗinka da haƙuri zai fito. IELTS, sakamakon jarrabawar Turancin nan, shekara biyu kawai yake aiki, yawancin sassan nan 6.5 ko 7 suke nema, in ka yi shi da wuri sai ya mutu a hannunka ka sake biya. Amma tiransikirif, hmm. Lokacin da nake neman nawa a wata jami'a da ba zan kama suna ba, sau huɗu ina hawa mota daga tashar nan tun asuba, zuwan farko mai makulli ya tafi ta'aziyya, na biyu babu wuta, na uku aka ce ba a ga fayil ɗina ba sam. A na huɗu wani dattijon masinja ya ji tausayina ya ce in biyo shi, muka shiga wani ɗaki mai warin jemage, ya ɗaga wata kujera mai ƙafa uku, ashe fayiloli aka tara aka tokare ta da su, nawa ne na biyu daga ƙasa. Kafin a buga a sa hannu a aika ranar rufe fom ta wuce da kwana tara, sai da na jira wata shekarar. Don haka yau ɗin nan ka fara bin na digirin farko da na mastas duka, ka karɓi kwafin ɗalibi ka yi sikanin ka ajiye a imel ɗinka. Malamai biyu ko uku da za su rubuta maka takardar shaida su ma ka je ka gaishe su tun yanzu da ƙafarka, ka kai masu furofozal ɗin su gani, ba sai ana saura kwana biyu ka kira mutumin da rabonka da shi shekara bakwai kana "Sir ka gane mai magana?" ba.

Mai tambaya daga Mashi kan karatun dakta a Malesiya da Turkiyya, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.